Katin duba da kisan ɗalibai huɗu a Idaho: yadda aka jefa wata farfesa cikin maganar

Da asubahin Lahadi 13 ga Nuwamba 2022, wajen ƙarfe huɗu, wani ya shiga gidan haya da ke titin King Road a garin Moscow na jihar Idaho, a arewa maso yammacin Amurka, ya kashe ɗaliban Jami'ar Idaho huɗu da wuƙa. Mata uku ne da namiji ɗaya, biyu 'yan shekara 20, biyu 'yan 21. Akwai wasu 'yan mata biyu da ke kwana a gidan waɗanda bai taɓa su ba. Ba a kira 'yan sanda ba sai gab da ƙarfe 12 na rana. Wannan Moscow ɗin ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 25,000, jami'ar ce ke riƙe da shi, kuma rabon da a yi kisan kai a cikinsa tun 2015.

Kwana 47 aka kwashe ba a kama kowa ba. 'Yan sanda sun yi gum, kuma suna da dalili, don mai bincike ba ya shelar abin da ya sani kada wanda ake nema ya ji. Amma jama'a ba sa jure shiru a kan abu irin wannan. Ɗalibai da yawa sun tattara kayansu sun bar garin tun kafin hutu. A intanet kuwa kowa ya zama jami'in bincike. An samu bidiyon biyu daga cikin 'yan matan suna sayen abinci a jikin wata motar sayar da abinci sa'o'i kaɗan kafin a kashe su, sai aka rufar wa wani saurayi da aka gani tsaye kusa da su. Daga shi aka koma kan direban da ya kai su gida, aka koma kan tsohon saurayin ɗaya daga cikinsu, har da 'yan matan da suka tsira. Abin ya kai hukumar 'yan sandan garin ta riƙa fitar da jerin mutanen da ta ce ba ta zarginsu, tana kuma ƙaryata jita-jita ɗaya bayan ɗaya.

Duk waɗannan da aka zarga, aƙalla an gan su kusa da mamatan a wannan dare ko an san akwai wata alaƙa. Wadda wannan nazari ya shafa ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Zargin

Wajajen 24 ga Nuwamba, ranar bikin godiya na Amurkawa, wata mata mazauniyar jihar Texas mai mabiya sama da 100,000 a TikTok ta saki bidiyo shida. Sana'arta a dandalin ita ce duba da katin tarot, tana cewa da shi take warware kashe-kashen da suka gagari hukuma. A cikin bidiyon ta ambaci sunan shugabar sashen tarihi ta Jami'ar Idaho, ta ce ita ce ta sa aka yi kisan. Bayan 'yan kwanaki ta ƙara da cewa farfesar tana soyayya a ɓoye da ɗaya daga cikin ɗaliban, kuma ta haɗa baki da wani aka kashe su don kada asiri ya tonu. Na bar sunayen matan biyu da gangan: ɗaya an riga an yayata nata fiye da kima a kan abin da ba ta yi ba, ɗayar kuma yayatawar ce abin da take nema.

Bisa takardar ƙarar da farfesar ta shigar daga baya, ba ta taɓa koyar da ko ɗaya daga cikin ɗaliban ba, ba ta ma san ta taɓa haɗuwa da su ba. A daren da abin ya faru tana birnin Portland na jihar Oregon tare da mijinta, sun je ziyarar abokai, tafiyar sa'o'i da yawa a mota. Ta ce bayan bidiyon sun bazu ta shiga fargabar abin da zai iya samun ta da iyalinta, har ta sa kyamarori da na'urorin tsaro a gidanta. Idan aka tuna cewa a lokacin makashin yana yawo ba a san shi ba, gari ya ɗau zafi, iyaye suna neman wanda za su huce a kansa, za a ga wannan tsoro ba na banza ba ne.

Abin da kati ke iya nunawa

Kafin a yi hukunci a kan matar, ya kamata a san kayan aikinta. Katin tarot guda 78 ne. Guda 22 su ne manya, kowanne da sunansa da hotonsa, irin su Wawa, Masoya, Adalci, Ratayayye, Mutuwa, Shaiɗan, Hasumiya da Wata. Ragowar 56 an kasa su gida huɗu, wato sanduna, kofuna, takubba da tsabar kuɗi. Kowane gida yana da kati 14: daga ɗaya zuwa goma, sai sarki, sarauniya, barde da yaron fada.

Asalinsa karta ce ta wasa. A fadojin arewacin Italiya, irin su Milan da Ferrara, aka fara buga ta a ƙarni na 15, aka shafe sama da shekara 300 ana wasa da ita ba wanda ya ce tana faɗin gaibu. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya ce hotunan ɓoyayyen ilimi ne na limaman tsohuwar Masar. Ya faɗi haka ne a lokacin da babu mutum ɗaya a duniya da ke iya karanta rubutun Masar na dā, don sai a 1822 aka fara kwance shi. Samfurin da aka fi gani a bidiyo a yau an buga shi ne a Landan a 1909, zanen wata mata mai suna Pamela Colman Smith. Ita ce ta yi wa kowane ƙaramin kati cikakken hoto na mutane cikin wani hali, saɓanin yawancin na gabaninsa da ake jera takubba ko kofuna kawai a ƙirga.

Wannan zane nata shi ya sa katin ya dace da labarin kisa kamar don shi aka yi. Ɗauki Takubba Goma: mutum kwance rub da ciki a bakin ruwa, takobi goma a cake a bayansa, sama ta yi baƙi ƙirin. Takubba Bakwai kuma wani ne yana sanɗa daga wajen wasu tantuna, ya rungumo takobi biyar, yana waiwaye. Takubba Uku zuciya ce da aka soke ta ta wuri uku, ruwa na zuba. Hasumiya kuwa tsawa ta faɗa mata, wuta na fita ta tagogi, mutum biyu suna faɗowa kai ƙasa. Mai duba za ta cakuɗa katin tana maimaita tambayarta, ta jera su a kan tebur bisa wani tsari, kowane gurbi da abin da yake nufi. Mafi sauƙi kati uku ne, na abin da ya wuce, na yanzu da na gaba. Wanda aka fi sani yana da goma, shida a tsakiya kamar gicciye, huɗu a jere a gefe. Masu duba a kan ɓatan mutum ko kisa sukan sauya wa guraben suna: wannan na wanda ya ɓata, wannan na wanda ya gan shi ƙarshe, wannan na abin da aka ɓoye, wannan na inda yake yanzu.

Yanzu a yi ɗan lissafi, wanda kowa zai iya maimaitawa. Tunda katin takubba 14 ne cikin 78, idan aka zaro goma ba tare da zaɓe ba, yiwuwar a samu aƙalla takobi ɗaya ta kai kashi 88 cikin 100. Katin sarakai da fadawa, waɗanda ake fassarawa da "wani namiji" ko "wata mace", 16 ne, kuma yiwuwar ɗaya ya fito cikin goma ta haura kashi 90. Ke nan duk wanda ya shimfiɗa kati a kan kisan da aka yi da wuƙa, kusan tabbas zai ga makami mai kaifi, zai kuma ga wani mutum tsaye kusa da shi. Mai kallo a waya zai ji tsigar jikinsa ta tashi, alhali da tambayar a kan ɓatan makulli ce, su ɗin dai za su fito. Ƙari a kan haka, katin da ya fito a kife yana da wata fassara daban, wani lokaci kishiyar ta farko, kuma kowane kati yana da ma'anoni da yawa a littattafan masu harkar. Mutuwa tana iya zama mutuwa, tana iya zama sauyin rayuwa. Wata yana iya nufin ruwa, ko dare, ko yaudara, ko ruɗani. Da wuya a samu shimfiɗar da za ta ƙi karɓar labarin da aka zo da shi.

Abin da babu shi a cikin katin nan 78 shi ne sunan wani mutum na zahiri. Babu mai ɗauke da lambar gida, ko sunan sashe a jami'a, ko fuskar wani mai rai. Iyakar abin da sarauniyar takubba za ta ba ka shi ne mace mai kaifin basira da taurin zuciya, kuma a garin da jami'a take, mata masu ilimi ba sa ƙirguwa. Tsallakawa daga wannan hoto zuwa mace guda mai suna da ofis da gida, aikin mai duba ne, da hannunta da wayarta, a zamanin da kowace jami'a ta baje sunayen malamanta da hotunansu a shafinta. A ganina nan ne gaɓar lamarin gaba ɗaya. Mai duba tana cewa "kati ne ya nuna", masu kallo su ɗauka wani abu ne daga waje ya yi magana, ita 'yar aike ce kawai. Da ta fito ta ce "ni dai zuciyata ce ta raya mini wance ce", da ba ta samu mai saurare ba, don kowa ya san zato zunubi ne. Katin shi ya rufe wa zaton fuska.

Ranaku biyu

Akwai ranaku biyu da hanyar mai duban da ta 'yan sanda suka gitta wa juna, ba tare da kowa ya sani ba a lokacin.

Ranar 29 ga Nuwamba lauyoyin farfesar suka aika wa mai duban takardar gargaɗi, cewa ta goge bidiyon ta janye maganarta. Ba ta goge ba, sai ma ta ƙara wasu. An sake aika mata ta biyu ranar 8 ga Disamba, ita ma ta yi biris da ita. A wannan rana ta 29 ga Nuwamba ɗin, cikin dare, wani ɗan sandan Jami'ar Jihar Washington da ke Pullman, tafiyar 'yan mintuna daga Moscow, yana duba rajistar motocin jami'arsu yana neman farar Hyundai Elantra, saboda kyamarorin unguwa sun ɗauki irinta tana zagaye kusa da gidan a daren kisan. Ya samu ɗaya, ƙirar 2015, mallakin wani ɗalibin digirin digirgir a fannin nazarin aikata laifuka, Bryan Kohberger, ɗan shekara 28.

A nan akwai abin lura. Da 'yan sanda suka nemi taimakon jama'a a kan motar ranar 7 ga Disamba, sun ce ƙirar 2011 zuwa 2013 ce, har suka ce suna tace kimanin motoci 22,000 masu rajista. Sun yi kuskuren shekara. Amma kuskure ne da ake iya kamawa, domin akwai bidiyo da za a koma a sake kallo, akwai mota ta zahiri da za a gwada da shi, kuma mai nazarin hotunan ya faɗaɗa shekarun zuwa 2016. Haka sauran hujjojin suke. An tsinci kuben wuƙa na fata a kan gado kusa da ɗaya daga cikin mamatan, a jikin maɓallinsa akwai ƙwayar halittar namiji guda. Bayanan wayar Kohberger sun nuna ta daina magana da turakun sadarwa tun kafin ƙarfe uku na dare har zuwa gab da ƙarfe biyar, daidai lokacin da aka yi kisan, sun kuma nuna ta sha bayyana a yankin a watannin baya. Ɗaya daga cikin 'yan matan da suka tsira ta ce ta ga wani da baƙaƙen kaya da rufin fuska, mai kaurin gira. Kowace daga cikin waɗannan tana iya fitowa saɓanin abin da ake zato, ta wanke mutumin a sake lale.

Rana ta biyu ita ce 27 ga Disamba. A ranar 'yan sandan Moscow suka fitar da sanarwa cewa ba su ga hannun farfesar a cikin laifin ba. A ranar kuma, can a jihar Pennsylvania, jami'ai suka kwashe shara daga gidan iyayen Kohberger, inda ya tafi hutu. Gwaji ya nuna ƙwayar halittar da ke cikin sharar ta mahaifin wanda ya taɓa kuben ce. Ranar 30 ga Disamba aka kama shi. Kafin nan an karɓi bayanai sama da 19,000 daga jama'a, an yi wa mutum fiye da 300 tambayoyi.

Mai hankali zai ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mai duban ba ta janye ba, ta ci gaba da cewa farfesar ce ta kitsa abin, labarin ya buɗe ya haɗiye sabon sunan. Wannan ba taurin kan mace ɗaya kaɗai ba ne, haka tsarin yake. Babu wata shimfiɗa da za a yi wadda za a ce, idan kaza ya fito, to wance ba ta da laifi, a rufe maganarta. In 'yan sanda sun wanke ta, sai a ce rufa-rufa ce. In an kama wani, sai a ce ɗan aike ne. In ta kai ƙara, sai a ce tsoron tonuwar asiri ne.

Inda mutum ya ɓata ne ba a san ko yana raye ba, cutar takan faɗa kan iyali kai tsaye. A Nuwamba 2004 shahararriyar mai duban nan Sylvia Browne, wadda ita cewa take da ruhohi take magana, ta shaida wa wata uwa a shirin talabijin na Montel Williams cewa 'yarta da ta ɓace a birnin Cleveland tun Afrilun 2003 ba ta raye. Uwar ta rasu a 2006. A Mayun 2013 'yar ta kuɓuta da ranta daga gidan da aka tsare ta shekara goma, a cikin birnin.

A gaban kotu

Ranar 21 ga Disamba 2022, kwana tara kafin a kama kowa, farfesar ta shigar da ƙarar ɓata suna a kotun tarayya ta Idaho. Mai duban ba ta ɗauki lauya ba, ita ta tsaya wa kanta, har ta mayar da martani da tata ƙarar a kan farfesar da lauyoyinta. Kotu ta yi watsi da wannan a 2023.

Tsarin mulkin Amurka yana ba magana da imani kariya mai faɗi ƙwarai. Mutum yana da damar yarda da kati, ya yi duba, ya karɓi kuɗi a kai a mafi yawan wurare, ya faɗi ra'ayinsa komai muninsa. Amma dokar ɓata suna ta bambanta ra'ayi da maganar da ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. "Wance ba ta kwanta mini ba" ra'ayi ne. "Wance ta sa an kashe mutum huɗu" zance ne da ko dai ya faru ko bai faru ba, kuma jingina wa mutum babban laifi irin wannan ɓata suna ne a kan fuskarsa. A Yunin 2024 alƙali Raymond Patricco ya yanke cewa zarge-zargen biyu, na kitsa kisa da na soyayya da ɗaliba, ɓata suna ne, tun ba a kai ga cikakken zaman shari'a ba, saboda babu wata hujja da matar ta kawo wadda za a yi jayayya a kanta. Ya ce maganganun sun dogara ne kawai a kan abin da take ji a ranta ta hanyar dubanta, ba su da wani tushe da wani zai iya gani ya auna. Batun nawa za ta biya diyya aka bar shi zuwa zama na gaba.

Kotun ba ta hana duba da kati ba, ba ta kuma ce komai a kan ko yana aiki ko ba ya yi. Ba huruminta ba ne, kuma ba ta buƙaci hakan ba. Tambayarta ɗaya ce: da kika kira sunan wannan baiwar Allah a gaban dubban mutane, me kike da shi a hannu?

A yi wa masu harkar adalci: da yawa daga cikinsu ba sa yarda su yi duba a kan wanda ba ya wurin, balle a kan laifin da ake tsaka da bincike. Suna ɗaukar katin a matsayin hanyar da mutum zai zauna ya yi tunani a kan rayuwarsa, kuma wanda ya biya aka karanta masa nasa, shi da aljihunsa. Akwai kuma masu cewa ai in hukuma ta gaza, gwada wata hanya ba laifi ba ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Wannan ce hujjar da ban yarda da ita ba, kuma lamarin Idaho ya nuna dalili. A ranar da aka saki bidiyon farko hukuma ba ta gaza ba, kwana 11 ne kacal da kisan, kuma cikin kwana biyar da suka biyo baya sunan wanda ya yi shi ya shiga hannun 'yan sanda. Shiru ne aka ɗauka gazawa. Sannan duk bayanin da aka tura wa masu bincike sai wani jami'i ya zauna ya karanta shi, ko daga mai shaida ya fito ko daga mai mafarki. TikTok kuma ba ya tura wa mutane bidiyon da aka ce "ban ga komai ba". Wanda ya kira suna ya nuna hoto shi ke yawo, mai shi ya ƙara mabiya, don haka matsin da ke kan mai duba kullum na ta ƙara fayyacewa ne.

Ranar 2 ga Yuli 2025 Kohberger ya amsa laifinsa a gaban kotu a Boise, babban birnin Idaho, bisa yarjejeniyar da ta ɗauke masa hukuncin kisa. Ranar 23 ga watan alƙali Steven Hippler ya yanke masa ɗaurin rai-da-rai sau huɗu a jere, babu damar fita, da ƙarin shekara 10 na fasa gida. Da aka ba shi damar magana ya ƙi cewa komai. Ba a gano wuƙar ba, bai faɗi dalilinsa ba, masu bincike kuma sun ce ba su samu wata alaƙa tsakaninsa da ɗaliban ba. A bayanin da masu gabatar da ƙara suka karanto wa kotu na yadda aka yi kisan, shi kaɗai ne ya shiga gidan, kuma ba a ambaci wani da ya aike shi ba.